Ƙullin Maganin da Radiyya Ta Tsinta

Talata, 8 ga Afrilu, 2025

Matata Radiyya ta sake canza turaren wuta. Tun daga zaure na jiyo shi, mai nauyi, irin na 'yan Nijar. Sai da na tsaya ina karkaɗe takalmin da ba komai a jikinsa kafin na shiga.

Ta yi lalle, ta yi sabon kitso. Miyar kuka da man shanu, wadda ta san na fi so. Na ci, na yaba, na ce kaina yana ɗan sarawa. Ta ce, "Sannu, Yaya." Ta ɗauke kwanon a hankali kamar kada ya yi ƙara.

Kaina lafiyarsa ƙalau.

Laraba, 9 ga Afrilu

Bari in ajiye abin a gabana in dube shi, yadda nake duban dabba kafin a yi ciniki.

Da kakar bara, a karar Maigatari, kasuwar dabbobi, muna lodin shanu, wani bijimi ya juyo a kan tudun lodi ya haɗa kaina da ƙarfen tirela. Lokacin aurenmu ko shekara bai rufa ba. Aka kawo ni asibiti nan Gumel, aka ɗinke, na tashi. Sai farfaɗiya ta biyo baya, ɗaya ma a gaban Radiyya na faɗi. Likita ya ɗora ni a kan wata farar ƙwaya, safe da yamma, ya ce kada in kuskura in tsallake. Tun daga nan ban sake faɗuwa ba.

Tun daga nan kuma wancan abin ya ɗauke. Abin da ke kai namiji ga iyalinsa. Ba wai ina nema jiki yana ƙi ba ne. Neman ne ma babu, kamar wanda ya ƙoshi aka ajiye masa kwano.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, in ina cikin kara na tuno ta, ƙirjina yana yin abin nan da yake yi tun ina zuwa zance Gagarawa. In ta yi tari a tsakar gida ni nake fara ji. To ta yaya wannan yana nan, wancan babu? Ni duk zatona a turke ɗaya aka ɗaure su.

Ban gaya wa kowa ba. Da wane baki.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Gwaggo Rahamatu ta zo daga Gagarawa, ƙanwar mahaifin Radiyya, ita ta riƙe ta tun rasuwarsa. Ina alwalar la'asar a bayan taga, ba laɓe na yi ba, muryar Gwaggo ce ba ta san ƙasa-ƙasa ba.

"Namiji ba ya ƙoshi, 'yar nan. In kin ga ya daina ci a gida, to wani wurin ya samu."

Radiyya ta ce, "Ba halinsa ba ne, Gwaggo."

"Halin wa ne? Mu ma haka muka ce a zamaninmu."

Na wanke ƙafar dama har ban san sau nawa ba.

Ta bar mata jarkar tsimi da gumba a leda. Da yamma na ga Radiyya tana sha, ta toshe hanci, idonta ya kawo ruwa. Ita da ko rake ya cika zaƙi ba ta iya sha. A zatonta nata jikin ne ya gaza.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Kasuwar Maigatari. Zafi kamar a gasa mutum.

Mai maganin nan na bakin kara ya kafa lasifika a kan motarsa tun hantsi: basir, sanyi, ciwon baya, maigida ya koma maigida. Dogo, abokin lodina, ya zungure ni da gwiwar hannu. "Ango, kai ba ruwanka da wannan layin. Mu tsofaffin hannu ne za mu je mu kai kuka." Na yi dariya. Da kyau ma na yi ta.

Da ya tafi sallah na zagaya ta bayan motar. Ban ce komai ba, mutumin ma bai tambaya ba, ya dube ni kawai ya miƙo. Jan gari ne a ƙullin leda, da 'yar takarda mai hoton ingarma. Ya ce a kunu ko a shayi, rabin cokali. Na cusa a aljihun ciki.

Asabar, 19 ga Afrilu

Zawo, da bugun zuciya kamar na yi tsere da babur. Shi ke nan abin da jan garin ya yi. Radiyya ta dafa mini ruwan kanwa, tana ta sannu.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Wani dattijo daga wajen Sule Tankarkar ya kawo shanun huɗa guda biyu, fari da goje, zai sayar. Mai saye ya ce farin kawai yake so. Aka yi ciniki, aka ja farin. Gojen nan ya kafe, ya dinga kuka yana fizgar igiya har wuyansa ya saɓule. Aka zuba masa harawa, ko kallonta bai yi ba. Farin ma can bakin mota ya ƙi hawa, mu huɗu muna turawa.

Dattijon ya ce tun suna maruƙa suke jan garma tare.

Duka biyun dandaƙaƙƙu ne. Ko saniya ta gifta ta gabansu ba sa ɗaga kai. To me ke sa shi kukan? Na tsaya ina kallonsa har Dogo ya ce ko ni zan saya.

Ban ji daɗin abin da na gani ba. Ban kuma san dalili ba. Ko don na gane shi ne.

Juma'a, 2 ga Mayu

Ta ɗauki rigata za ta rataye, na ga ta kai ta hanci. Warin shanu kawai za ta ji, baiwar Allah.

Da muna karin safe ta ce, "Yaya, na yi maka wani laifi ne?" Na ce wane irin laifi. Ta ce, "In na yi ka faɗa mini, zan gyara." Na ce babu komai wallahi. Na rantse, kuma gaskiya na faɗa, amma ji na yi kamar na yi ƙarya.

Talata, 6 ga Mayu

Ta yi wanki. Na manta ban fitar da ƙullin ba.

Na dawo da azahar na tarar da shi a kan tabarma, an ajiye shi a tsakiya, hoton dokin yana sama. Tana zaune a bakin gado da hijabinta a jiki.

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Na san ko mene ne, a rediyo ma ana tallarsa. Ni dai ba don ni ake shan sa ba, ni shaida ce. To don wa?"

Na buɗe baki. Sai na ga kamar in na faɗa, daga yau kallon da za ta dinga yi mini ya canza ke nan har abada. Na ce, "Ba yadda kike zato ba ne."

"To yaya ne?"

Na dubi ƙullin.

Ta ce, "Gwaggo ta faɗa, na ƙaryata ta." Ta ɗauki ƙullin ta sa a jaka.

Laraba, 7 ga Mayu

Ta tafi Gagarawa da safe. Ta share ɗaki, ta cika randa, ta ajiye mini farar ƙwayata a kan murfin kofi inda zan gani. Mai yaji ke nan.

Asabar, 10 ga Mayu

Wayarta na shiga, ba a ɗauka.

Lahadi, 11 ga Mayu

Biko. Na roƙi Dogo ya raka ni, na ce masa saɓani ne irin na yau da kullum. Muka sauka a Gagarawa Tasha, muka sayi goro, muka ƙarasa ciki a babur.

Baffa Ɗantsoho, yayan mahaifinta, shi ya ba ni aurenta. Ya karɓe mu a zaure, aka gaisa, aka tambayi zafi, aka tambayi kasuwa. Na durƙusa kaina a ƙasa. Dogo ya yi bayani mai daɗi, ya ce yara ne, a yi haƙuri.

Baffa ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙullin, ya ajiye a gabana. A gaban Dogo.

"Habibullahi, ni ban ba ka 'ya don in tozarta ka ba. Tambaya ɗaya ce. Akwai wata?"

Na ce babu, Baffa.

"In aure kake nema, ba haramun ba ne, ka faɗa a sani. In kuma ba aure ba ne, to wannan wata magana ce."

Na ce ko ɗaya babu.

"To wannan fa? Yarinya ta ce ita rabonta da kai tun kafin azumi, da nisa ma." Da ya faɗi haka sai ya kawar da kai, shi ma kunya ta kama shi.

Yaya zan yi in dubi surukina, mai furfura, in ce masa ga abin da ya mutu a jikina? Kuma na san Gwaggo na bayan ƙyauren nan, ina ganin inuwar ƙafarta. In na faɗa, kafin magariba an ji a bakin rijiya. Kuma ba za su ce in ɗauke ta mu tafi ba. Cewa za su yi yarinya ƙarama ba za ta zauna haka ba, a sauwaƙe mata. In na yi shiru ni mazinaci ne. In na yi magana ni ba namiji ba ne. Duk ta inda na bi, ita ce zan rasa.

Na mayar da kaina ƙasa.

Baffa ya ce, "Tashi ka je. Ran da ka samo baki ka dawo."

A hanya, da muka kusa Gumel, Dogo ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Kai ko wace ce, ka rabu da ita. Radiyya ba ta cancanci haka ba." Har shi.

Laraba, 14 ga Mayu

Na je kemis na wata unguwa inda ba a san ni ba. Na nuna kwalin farar ƙwayar, na ce wani abokina ne yake sha, ya ce tun da ya fara ya daina sha'awar iyali, ko tana sa haka? Mai kemis ya ce wasu irinta suna sawa, abokin naka ya koma wurin likitansa. Ya ƙara da cewa, "Ka gaya wa abokin naka kada ya daina da kansa." Yana faɗa yana kallon tabon da ke goshina.

Ashe ita ce. 'Yar wannan abar.

Alhamis, 15 ga Mayu

Ban sha ta safe ba. Ban sha ta yamma ba.

Na ɗan lokaci ne kawai. In abin ya dawo, in je in ɗauko matata, sauran bayani ya yi kansa.

Lahadi, 18 ga Mayu

Lafiya lau. Barcin ma ya ragu, kaina wasai.

Alhamis, 22 ga Mayu

Abin kunya.

Wata mai fura ta sunkuya tana dama mini a bakin kara. Ban san ta ba, ban san sunanta ba, ko a hanya na sake ganinta ba zan gane ta ba. Sai na ji abin ya motsa, kamar wanda aka taɓa daga barci. Na karɓi furar na bar wurin da sauri, ina ta istigfari.

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Bayan murnar kuma sai wani abu ya tokare ni. Watanni ina jiransa saboda Radiyya, ga shi ya leƙo, ko hanyar Gagarawa bai tambaya ba. Shi ba ruwansa da wace ce. Wanda ya san sunan Radiyya kuwa shi ne ya hana ni cin abinci tun da ta tafi.

To su biyu ne ke nan. Dama can su biyu ne, ni ne ban taɓa ganin su a rarrabe ba.

Litinin, 26 ga Mayu

Da hantsi na ji ƙaurin roba tana ƙonewa. Na duba ko'ina a gidan, ba wanda ya kunna wuta. Haka na ji kafin faɗuwar farko.

Na ɗauko kwalin, na juya shi, na mayar. In kai Juma'a dai. Juma'a zan je Gagarawa.

Laraba, 28 ga Mayu

Ƙaurin ya dawo sau biyu. Bakina kamar na tsotsi ƙusa. Gobe kasuwar raguna ce ta gab da layya, ba halin in ƙi zuwa.

Asabar, 31 ga Mayu

A gadon asibiti nake. Harshena ya kumbura, na cije shi.

Abin da na tuna: ina saman tudun lodi ina karɓar raguna, sai ƙaurin nan. Sauran Dogo ne ya ba ni labari. Ya ce na sandare na faɗo tsakanin tudu da tayar mota, direba kuma ya riga ya tayar zai matsa gaba. Shi ya ja ni da ƙafa. Ya ce, "Ɗan banza, da me zan gaya wa tsohuwarka?"

Lahadi, 1 ga Yuni

Likitan da ya ɗora ni a kan ƙwayar ya zo zagaye. Ya tambaya ko ta ƙare ne. Na ce a'a. Ya ce to me ya sa. Na dubi masu jinyar gadon kusa. Ya gane, ya ce in biyo shi ofis in na iya tafiya.

A can na faɗa. Karo na farko da na ji abin da bakina. Ina faɗa ina kallon kalandar bango.

Bai yi dariya ba, bai kuma yi salati ba. Faɗa ya yi mini sosai a kan dainawar, ya ce saura kaɗan in kashe kaina a kan abin da ake zama a gyara. Sannan ya ce ba ni kaɗai ba ne, mutane ne ba sa faɗa.

Na tambaye shi abin da ke cina. Na ce likita, mutum zai iya son mace tsakani da Allah alhali babu wannan? Ko dai son ne ya mutu ni ban sani ba?

Ya ce duka biyun a ƙwaƙwalwa suke, ba a ƙirji ba kamar yadda muke cewa. Ya ce maƙwabta ne, akwai hanyoyin da suke bi tare, shi ya sa yawanci ake jin su lokaci ɗaya har a zaci abu guda ne. Amma sha'awa ta fi kama da yunwa, ta taso ta lafa, magani na iya danne ta, ko buguwar kai, ko fargaba. So kuwa ya fi kama da sabo, ana gina shi ne a kan mutum ɗaya, a hankali. Ya ce masu binciken ma ba su gama gane abin ba.

Ya ce zai canza mini ƙwaya sannu a hankali, za a kuma ɗebi jini a duba, don mai yiwuwa buguwar ma da nata hannun. Na ce zai dawo? Ya ce, "Sau da yawa yana dawowa. Ba zan yi maka alkawari ba." Ya ce kuma in daina tsayawa a kan kaina kamar mai gadi, wannan ma yana kore shi.

Da zan fita ya ce, "Matarka ta sani?" Na ce a'a. Ya ce, "To ita me take zato?"

Na ja ƙofar na fita.

Litinin, 2 ga Yuni

Sun zo dubiya, ita da Gwaggo. Dogo ne ya kira Baffa. Ta rame. Ta zauna a ƙarshen benci, ta zuba mini kunu, ba ta dube ni ba. Gwaggo ce ta yi ta magana, wai wanda ya bar gida dole ya ga abin da ya gani.

Da za su tafi Radiyya ta dawo kamar ta manta murfin fulas. Ta ce a hankali, "Na bar maka maganin a inda za ka gani." Na ce na gani. "To me ya sa?" Gwaggo ta ƙwala mata kira daga baranda.

Juma'a, 6 ga Yuni

Sallah. An sallame ni shekaranjiya. Maƙwabta sun aiko da nama, yana nan a rufe.

Lahadi, 8 ga Yuni

Na je Gagarawa ni kaɗai, ba goro, ba ɗan rakiya. Ban nemi Baffa ba. Na tsaya a gindin darbejiyar ƙofar gidan, inda nake tsayawa da can, na yi sallama na ce ana sallama da Radiyya. Wata mata a ciki ta ce, "In ji wa?" Na ce in ji mijinta. Na ji ana dariya.

Ta daɗe kafin ta fito. Ta tsaya nesa, ta harɗe hannu.

Na faɗa mata duka, ban gyara komai ba. Ƙwayar, jan garin, dalilin dainawa, abin da likita ya ce, har da cewa bai yi alkawari ba. Mai furar ce kawai na bari, wannan tsakanina da Allah.

Na zaci kuka za ta yi. Ashe fushi ne.

"Sati nawa ina ɗura wa cikina tsimi? Har basir ya kusa kama ni. Na zauna a kan garwashi da turare kamar kifin banda. Ina kallon madubi ina neman abin da ya lalace a jikina. Kana gani, Yaya. Kana gani ka yi shiru."

Na ce kunya ce.

"Kunyata kake ji? Ni da na share maka kumfa a baki ran da ka faɗi?"

Na ce mata abin da na zo da shi tun daga Gumel, wanda na yi ta maimaitawa a mota. Na ce ke yarinya ce, kina son haihuwa, ni kuma ban san ranar warkewa ba, ko ma babu. In kina so in sauwaƙe miki, zan yi, kuma zan bar su a kan zaton da suke yi mini, ba wanda zai ga laifinki.

Ta dube ni, kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba. Ta ce, "Ka gama?" Na ce na gama. Ta juya ta shige gida.

Na tsaya har aka kira magariba. Ba ta fito ba.

Laraba, 11 ga Yuni

Shiru. Ina shan sabuwar ƙwayar tare da ragowar tsohuwar, yadda aka ce.

Asabar, 14 ga Yuni

Shiru. Yanzu ta san komai, abin da ta yanke da saninta ta yanke. Wannan jiran ya fi na baya ciwo, amma ya fi shi tsabta. Ban san yadda zan faɗe shi ba.

In ta gaya wa Gwaggo, zan ji a gari kafin in ji daga bakinsu. Kullum ina duban fuskar mutanen Gagarawa da ke zuwa Gumel.

Talata, 17 ga Yuni

Baffa ya kira, ya ce in zo gobe. Muryarsa ba ta nuna komai ba.

Laraba, 18 ga Yuni

Na shiga zauren. Gwaggo na zaune a ciki wannan karon, Radiyya na gefe kanta a sunkuye.

Baffa ya yi gyaran murya ya ce, "Habibullahi, ashe basir ne ke damunka shi ne ka kasa faɗa?"

Na ɗaga kai. Radiyya ba ta motsa ba.

Ya ce yarinya ta zo ta same shi ta ce ita ce ta yi gaggawa. Wai ta bincika, maganin na basir ne, ciwon ne ya sa na ƙaurace mata, kishi ya rufe mata ido ta ɗora mini abin da ban yi ba. Ya yi mata faɗa a gabana, sosai, ya ce ta zubar da mutuncin mijinta a gaban abokinsa. Ta ce, "Na tuba, Baffa." Gwaggo ta taɓe baki ta ce ita dai ba ta taɓa ganin basir mai hoton doki ba. Baffa ya ce ta yi mana shiru.

Daga nan ya koma kaina. In rage yaji, in rage zama a kan buhu mai zafi, in nemi sassaƙen marke. Shi ma ya yi fama da shi shekara da shekaru, ba abin kunya ba ne. Na ce to, Baffa. Na gode, Baffa.

A mota ta zauna kusa da taga. Sai da muka wuce Tasha na ce me ya sa kika ɗauki laifin. Ta ce, "Kai ka iya shiru, ni na iya ƙarya. Sai Allah ya yafe mana mu duka." Can kuma ta ce, "Maganar sauwaƙewa, kada in sake jin ta. Ni ce zan faɗa in na gaji, ba kai ba."

In na gaji, ta ce. Ban manta ba.

Alhamis, 26 ga Yuni

Duk kara an ji ina da basir. Dogo ya ba ni haƙuri a kan zargin da ya yi mini, sannan ya kawo mini tsumma in dinga zama a kai. An hana ni hawa tudun lodi, ina ƙasa ina riƙe igiya.

Talata, 1 ga Yuli

Mun je asibiti tare. Ita ta yi ta tambayoyi, ni ina kallon ƙasa. Sakamakon jini bai fito ba tukuna. Har yanzu babu wani canji. Ta zubar da jarkar Gwaggo a makwarara.

Asabar, 12 ga Yuli

An yi ruwa mai kyau shekaranjiya. Mun zo ƙauyenmu wajen Sule Tankarkar duba geron da aka shuka mini. Ya tsiro, sai ɗan gurbi nan da can.

A hanyar dawowa daga gona ƙaya ta soke ta a dunduniya. Ta zauna a kan kunyar gona ta miƙo mini ƙafar, tana cewa in yi a hankali, hannuna ya saba da kofato. Ƙayar ba ta shiga da nisa ba, tsinke ɗaya ta fita.

Muka yi ta hira a kan gurbin, ko a sake gero ko a sa wake. Ita wake take so. Can ta ce, "Yaya, ai ka cire." Na ce na sani. Ba ta janye ba.

Sai yanzu da nake rubutu na tuna ban tsaya sauraron jikina in ji me zai ce ba. Ban san ko ya ce wani abu ba.

Wake za a sa.